Daga Alang zuwa Ƙofar Ruwa: lissafin yanka tsohon jirgin ruwa

Da an ɗaure gero da dawa an zuba a rumbu, motocin da ke tashi daga Ringim da Jahun da Gezawa da Ɗambatta sai su cika da samari 'yan ci-rani. Da yawansu sana'ar gwangwan suke tafiya yi a Legas da Fatakwal da Warri. Wani ya ƙare a turin baro unguwa-unguwa, wani a gindin sikeli. Wanda hannunsa ya faɗa da wutar yankan ƙarfe kuwa, ana iya kai shi bakin ruwa ya hau mataccen kwale-kwalen dakon mai, ko ƙaramin jirgin da ya daɗe yana tsatsa a cikin laka. Wannan yaro ya shiga sana'ar da ake juya miliyoyin daloli a cikinta a duniya. Ya kamata shi da mahaifin da ya sa masa albarka su san yadda lissafinta yake, domin ribarta da cutarta a ƙwarya ɗaya ake dama su.

Jirgin dakon kaya yakan yi shekara 25 zuwa 30 yana aiki. Duk shekara biyar sai an yi masa babban bincike, a auna kaurin ƙarfen jikinsa, a canza inda ya ci. Idan ya doshi bincike na biyar, gyaran na iya lashe miliyoyin daloli, ga shan mai, ga inshora ta yi tsada. In kuɗin dako na da kyau a shekarar, mai jirgi ya daure ya gyara. In kasuwa ta faɗi, sai ya nemi mai saye.

Ciniki a kan nauyi ake yi, kamar dai a Ƙofar Ruwa. Nauyin da ake lissafawa shi ne na jirgin fanko, babu kaya, babu mai, babu ruwa, kuma 'yan kasuwar suna kiran awon LDT. Matsakaicin jirgin dakon hatsi ko kwal yakan kai wajen ton 10,000, manyan tankokin ɗanyen mai kuma wajen ton 40,000. A 'yan shekarun nan masu saye a Indiya da Bangladesh da Pakistan suna biyan dala 400 zuwa 600 a kan kowane ton, har ya doshi 700 a farkon 2022. A Turkiyya farashin ya fi yawo tsakanin dala 250 da 350. A ƙasashen Turai ya gaza haka nesa, wani lokaci ma mai jirgin ne zai cika kuɗi a raba shi da kayansa.

To ɗauki jirgi mai ton 10,000. A dala 500, miliyan 5 ke nan. A dala 300, miliyan 3. Tazarar dala miliyan 2 a kan jirgi ɗaya ita ke juya akalar kyaftin zuwa gabas. Ƙungiyar NGO Shipbreaking Platform, mai bibiyar harkar daga Brussels, ta ƙirga manyan jirage 446 da aka yanka a 2023, kuma 325 daga cikinsu a gaɓar tekun waɗancan ƙasashe uku suka ƙare.

Me ya sa su suke iya biyan wannan farashi? Wani ɓangare na amsar halas ne tsantsa, kuma duk ɗan gwangwan zai gane shi. A can ba sa narka yawancin farantan jirgi. Yanka su suke yi dogo-dogo, a kai ƙananan masana'antu a gasa su yi ja, a murje su su zama rodin gini. Murza ƙarfe ya fi narka shi arahar wuta nesa ba kusa ba, don haka farantin jirgi ya fi tarkacen gwangwani daraja. Bangladesh ba ta haƙar tama, ga gine-gine na ta tashi, saboda haka jirgi ya zama ma'adininta. Sannan babu abin da ake yarwa. Hanyar shiga Alang, babban wurin yanka jirage na Indiya, shaguna ne jere na kilomitoci, ana sayar da janareto, famfo, firji, katifa, ƙofofi, kujeru, kwale-kwalen ceto, har cokula da farantan cin abinci. Farfelar jirgi kaɗai tagulla ce mai nauyin ton gommai, ga jan ƙarfen da ke cikin wayoyi masu tsawon kilomitoci.

Ɗaya ɓangaren amsar shi ne abin da ba sa kashewa. Alang na jihar Gujarat, a wurin da tazarar cikar teku da janyewarsa ke wuce mita 10. Tun 1983 ake yanka jirgi a wurin. Ana jiran ranar da teku ya fi cika, wajen tsayuwar wata ko daren sha huɗu, sai a ba jirgi wuta gaba ɗaya ya hau tabo ya kafe. Ruwa na janyewa, wurin aiki ya samu, ba a zuba kankare ba, ba a haƙa magudana ba. Haka ake yi a Sitakunda kusa da Chittagong ta Bangladesh, haka a Gadani da ke yamma da Karachi ta Pakistan. Ma'aikatan kuwa 'yan ci-rani ne irin namu sak. Na Alang daga ƙauyukan Odisha da Bihar da Uttar Pradesh suke zuwa, na Chittagong daga arewacin Bangladesh inda aikin gona ke yankewa wata da watanni. Mutumin da ya baro iyali da bashin taki ba ya tsayawa tambayar ko an gwada iskar tanki.

Yadda aikin ke tafiya kusan ɗaya ne ko'ina. A fara zuƙe ragowar mai, a kwashe kayan ɗakuna da na injin da za su sayu, a huda tagogi a jikin jirgi don iska da haske. Sai masu yanka su shiga da wutar gas da oksijin, su faro daga goshi suna yin baya, ɗakin injin ne ƙarshe. Ana yanko ɓangare mai ton 20 ko 50 ko fiye, a sake shi ya faɗo cikin tabo da nauyinsa, sai injin ja ya janyo shi tudu da igiyar ƙarfe, a daddatsa shi daidai lodin mota. Matsakaicin jirgi kan ci wata uku zuwa shida.

A kowane mataki akwai inda ake mutuwa. Ɓangaren da aka yanka ba ya faɗuwa kullum ta inda aka zata, domin ƙarfen jirgi a ɗaure yake da nauyin sauran jiki, yana iya ɓallewa tun ba a gama yanka ba ya danne na ƙasa. Igiyar ja idan ta tsinke takan yi bulala ta share duk wanda ke layinta. Ana faɗowa daga bene mai tsayin mita 20 ko 30. A kan tabo kuma motar asibiti ko ta kashe gobara ba ta isa gindin jirgi, babbar ƙugiyar ɗaga kaya ma ba ta samun wurin tsayawa.

Amma babbar annoba ita ce tanki. Ranar 1 ga Nuwamba 2016 wani tsohon jirgin mai mai suna Aces ya fashe a Gadani ana tsakiyar yanka, mutum fiye da 25 suka mutu, wutar ta kwana da kwanaki tana ci. An sa wuta ne alhali akwai ragowar mai a ciki. Mutanen Jigawa ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da tururin fetur ke yi, bayan abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tanki fanko ya fi cikakke saurin fashewa. Tururin fetur yana kamawa idan ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wurin. Cikakken tanki tururinsa ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Wanda aka juye shi ne ke zaune daidai tsakiyar haɗarin. A duro mai lita 200, cokali biyu na fetur da ya maƙale a gindi sun isa su mayar da shi bam. Shi ya sa mai walda a Wudil ko Gujungu da aka kawo wa duro a ce a fasa shi gida biyu don ban-ruwan shanu, ko tankin mota a ce a like, aikinsa da na mai yanka a Gadani ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta.

A filin da ake bin ƙa'ida, sai an kwashe dagwalon mai daga gindin tanki da hannu ko da famfo, an wanke, an hura iska da fanka na sa'o'i ko kwanaki, sannan mai gwaji ya zura na'ura sama da tsakiya da ƙasa, saboda tururin mai ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ba a ba da takardar sa wuta sai tururin ya gaza kashi 1 cikin ɗari na adadin da ke kamawa. Kuma gwajin safe ba ya wakiltar na azahar, domin rana na dukan ƙarfe sai dagwalon da ya rage a lungu ya sake fitar da tururi. Akwai kuma gwajin numfashi. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 20.9 cikin ɗari, tsatsa kuwa cin oksijin take yi, don haka tankin da ruwa kawai ya taɓa ɗauka yana iya kashe mutum idan ya daɗe a rufe. Na farko ya shiga ya faɗi ba ko ihu, na biyu ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi. Masu yasar rijiya sun san wannan mutuwa.

Waccan mutuwa ce ta nan take, ana gani ana ƙirgawa. Ta biyun a hankali take zuwa, kuma ita ce ainihin abin da dokokin muhalli ke faɗa a kai. Sai a 2002 aka fara hana sa asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ke tare zafi da wuta, a sababbin jirage, aka rufe ƙofar gaba ɗaya a 2011, don haka jiragen da ake yankawa yau da yawansu na ɗauke da shi: a naɗe jikin bututun tururi, a bangon ɗakin injin, a gasket, a silin ɗakuna. Idan ya bushe aka farfasa shi, zarensa ya fi gashi siranta nesa, yana shiga huhu ya zauna. Ciwon kan bayyana bayan shekara 20 zuwa 40, ko taurin huhu ko sankarar fatar huhu wadda ba ta da magani. Fentin jiki na da dalma da sauran guba, wuta na taɓa shi ya zama hayaƙin da mai yanka ke zuƙa. Fentin ƙasan jirgi na da wani sinadari, TBT, da aka sa don kashe ƙwarin ruwa masu maƙalewa, wanda aka haramta a duniya tun 2008 saboda ɓarnar da yake yi wa halittun teku. Tsofaffin wayoyi da taransifoma na da wani sinadari mai guba, PCB. Jiragen ajiyar ɗanyen mai kuma sukan tara zaiba a bangon tankunansu. A kan tabo, duk abin da ya zuba ko ya ɓantare, cikar teku ta gaba za ta wanke shi ta tafi da shi. Sau biyu a rana ake wannan shara kyauta, masunta ne ke biya.

A Aliaga ta Turkiyya, kusa da Izmir, teku ba ya janyewa sosai, don haka goshin jirgi ake ja a ɗora kan gangaren kankare mai magudana, a riƙa ɗauke ɓangarori da ƙugiya, gindinsa na cikin ruwa. Ƙarfen kuma narka shi ake yi a manyan tukwanen lantarki da ke kusa. Ya fi tabo, amma can ma ana mutuwa, har Tarayyar Turai ta taɓa cire wasu filayen garin daga jerin waɗanda ta amince da su. Hanya mafi tsabta ita ce a shigar da jirgi cikin kwarin kankare, a rufe ƙofa, a zuƙe ruwan, a yi aiki a busasshen wuri inda ko ɗigon mai ana iya tare shi. Ita ce mafi tsada. Cire asbestos kaɗai sai an killace wurin da leda, an jiƙa shi, ma'aikata sun sa rigar da za a yar da takunkumi mai matata, an ƙulle shi a buhu biyu, an biya kuɗin binne shi a wurin da hukuma ta ware. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ana zare shi ne daga farashin ton. Ƙasar Sin ta taɓa zama babbar mai saye, kuma filayenta na da kayan aiki, sai ta hana shigo da jiragen waje don yankawa daga farkon 2019.

Tarihin dokar ya biyo ta ƙasarmu. A 1988 aka gano dubban ganguna na sharar guba daga Italiya jibge a wani fili a garin Koko, wanda ke jihar Delta a yau. Gwamnatin Babangida ta tilasta aka kwashe, ta kafa doka mai lamba 42 da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara. Abin da ya faru a Koko na cikin abubuwan da suka zaburar da yarjejeniyar Basel ta 1989, wadda ta ce ba a tura wa wata ƙasa shara mai guba sai da saninta da yardarta. Tsohon jirgi shara ne a ƙarƙashinta. Matsalar ita ce shara ce mai injin da tuta. Ba ya zama shara sai mai shi ya yi niyyar yar da shi, niyya kuwa a zuci take, sai jirgi ya bar tashar Turai ya kai tsakiyar teku sannan a bayyana ta.

Tarayyar Turai ta yi tata dokar a 2013, ta fara aiki sosai a ƙarshen 2018: jirgi mai tutar ɗaya daga ƙasashenta ba a yanka shi sai a filin da ke cikin jerinta. Sai dai tuta ake bi, tuta kuma ana canza ta cikin kwanaki. Mai jirgi ya sayar wa dillalin da ake kira mai kuɗi-hannu, dillali ya sake masa suna, ya yi masa rajista a Comoros ko Palau ko St Kitts da Nevis don tafiyar ƙarshe, ya kai shi tabo. A takarda, kamfanin farko jirgi ya sayar, bai san inda ya tafi ba. Jefi-jefi asiri kan tonu. A 2020 wata kotu a Norway ta yanke wa wani mai jirgi ɗaurin wata shida kan yunƙurin tura jirgi Gadani. Faransa ta dawo da jirgin yaƙinta Clemenceau daga hanyar Alang a 2006 saboda asbestos, daga baya aka yanka shi a Ingila. Ɗan uwansa da Birazil ta saya ta sa wa suna Sao Paulo, Turkiyya ta hana shi shiga a 2022, ya yi watanni yana gantali a teku, ƙarshe sojojin ruwan Birazil suka nutsar da shi a Atlantika a Fabrairun 2023 da duk gubar da ke jikinsa.

Yarjejeniyar Hong Kong kan yanka jirage, wadda aka ƙulla a 2009, sai ranar 26 ga Yuni 2025 ta fara aiki, shekara biyu bayan Bangladesh da Laberiya sun shiga. Ta wajabta wa jirgi ya riƙe kundin duk abu mai guba da ke jikinsa, da wurinsa da kimanin yawansa, ta wajabta wa fili ya sami lasisi ya kuma rubuta tsarin yanka kowane jirgi kafin a sa wuta. Kundin nan abu ne mai amfani ƙwarai, domin mai yanka ya san bututun da zai kauce wa. Filaye da dama a Alang sun zuba kankare a tudu, sun sayi ƙugiyoyi, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma yarjejeniyar ba ta hana kafa jirgi a tabo ba, yankan farko har yanzu a kan ruwa ake yinsa, ba ta kuma bin sharar bayan ta fita ƙofar fili. A ganina, muddin mai jirgi zai ci ribar shekara 25 sannan ya karɓi farashi mafi tsoka a ƙarshe ba tare da an cire masa kuɗin tsabtacewa ba, filin da ya kashe kuɗi a kan ƙa'ida zai ci gaba da rasa ciniki a hannun maƙwabcinsa.

A Najeriya ba mu da Alang, amma matattun jirage da kwale-kwalen dakon mai sun cika hanyoyin ruwan Legas da Neja Delta, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, NIMASA, na fama da kwashe su. Dokar kwastan ta hana fitar da tarkacen ƙarfe waje, don haka abin da aka yanka masana'antun narka ƙarfe na cikin gida yake tafiya, irin na Ikorodu da Ogijo, ya dawo mana a matsayin rodi, wani farantin kuma ya gangaro Arewa hannun maƙera da masu ƙera ƙofa. Yarjejeniyar Hong Kong ba ta shafi ƙananan jiragen da awon girmansu ya gaza 500 ba, ba ta shafi masu aiki a ruwan cikin gida kaɗai ba. Yawancin abin da yaranmu ke hawa ke nan. Babu kundi, babu mai gwaji, sai oga da ɗan kwangila.

Saboda haka ga wanda zai tafi bana. Kada ka sa wuta a rufaffen wuri sai an buɗe shi ta sama da ƙasa, an kwashe dagwalo, iska ta ratsa. Duro ko ƙaramin tanki, a wanke da ruwan zafi da omo, a cika shi da ruwa har kusa da layin yanka, a bar murfi a buɗe. Hanci ba na'ura ba ne, yana sabawa da wari cikin mintoci. Kada a hura oksijin na tukunya cikin tanki da sunan ba shi iska, tufafin da ya sha oksijin kamar takarda yake ci, kuma kada maiƙo ko giris ya taɓa kan tukunyar. A sa abin tare komawar wuta a kan mesa biyun. A kankare fenti kimanin santimita 10 kowane gefe na layin yanka, a tsaya ta inda iska ke fitowa. Farin abu mai kama da auduga ko alli da ke naɗe da bututu, a jiƙa shi sharkaf, kada a bubbuge shi, kuma a sani ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare zarensa. Waya a feɗe ta da wuƙa: ƙona ta na fitar da hayaƙi mai guba, ga shi ƙonannen jan ƙarfe ya fi feɗaɗɗe araha a sikeli.

Kayan aiki kuma su tsaya a wurin aiki. Yara fiye da 400 da dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, a tsakar gida gubar ta same su, ta ƙurar dutsen zinariya da ake daka a gida da wadda ke maƙale a tufafi. Rigar da aka yanka fenti ko aka fasa batir da ita, idan ta dawo ƙauye cikin jaka aka ba uwargida ta wanke, yara na wasa a gefe, hanya ɗaya ce. Wanda kuma ya taɓa wannan aiki shekarun baya, yau yake fama da tari da haki in ya yi 'yar tafiya, idan ya je asibiti ya faɗa wa likita irin aikin da ya yi da shekarun da ya yi shi. Alamomin ciwon asbestos na kama da na tarin fuka, kuma a karkara tarin fuka ake fara zato.